Ta ina ake fara koyon kirifto, kuma labarin wa za a riƙa bi?

Wakilin momo, Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shafi sana'ata. Ina da rumfar momo, wato turawa da cire kuɗi ta waya, a Aboabo, nan Kumasi, kuma a 'yan shekarun nan tambayoyin da masu zuwa cire kuɗi ko turawa suke yi mini sun sauya. A da abin da ake tambaya bai wuce caji ba, ko yadda za a dawo da kuɗin da aka tura wata lamba bisa kuskure. Yanzu kuwa sai mutum ya tambaye ni ko ina sayen USDT, ko nawa Bitcoin yake yau, wato ire-iren kuɗin intanet da ake kira kirifto, ko ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba masa wata manhaja ko ta gaskiya ce. Da yake kuɗi na wucewa ta hannuna kullum, jama'a sun ɗauka na san harkar, ni kuwa ba na so in faɗa wa kowa abin da ban tabbatar ba, domin kuɗin da ake magana a kai na wani jarinsa ne, na wani kuma kuɗin makarantar 'ya'yansa ne.

An saka ni a zaurukan WhatsApp da na Telegram da dama, amma abin da ake turowa kusan iri ɗaya ne: hoton riba, sunan sabon koyin, wato sabon nau'in kirifto, da aka ce zai tashi, da kiran a yi sauri kafin a makara. Tambayata biyu ce. Idan mutum yana son fahimtar wannan abu tun daga tushe, da me ya kamata ya fara? Sannan tunda harkar ba ta tsayawa wuri ɗaya, wace hanya ce amintacciya ta bin labaranta, musamman abin da ya shafe mu a Ghana? Ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma ban yi karatun kwamfuta ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin kwamfuta, Tafo Zango

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka raba tambayar gida biyu, domin yawancin waɗanda na ga sun yi asara da ta biyun suka fara, suna bin labarai dare da rana alhali ba su san abin da labarin yake magana a kai ba.

Abin da za ka fara fahimta shi ne kundin da ake kira bulokcen. Ka tuna littafin mai karɓar susu, wato adashi, inda yake rubuta wane ya ba da kaza ranar kaza. To a nan littafin ba a hannun mutum ɗaya yake ba, dubban kwamfutoci ne a ƙasashe daban-daban kowace take riƙe da kwafinsa, kuma ba a ƙara sabon shafi sai ya cika ƙa'idar da dukkansu suke bi. Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ne ya bayyana tsarin a takarda mai shafi 9 a watan Oktoba na 2008, aka fara aiki da shi a Janairun 2009. Takardar tana nan kyauta a intanet, kuma ko lissafin da ke ƙarshenta ya yi maka nauyi, shafukan farko za su nuna maka matsalar da aka so warwarewa, wato yadda mutum biyu za su biya juna ta intanet ba tare da banki a tsakani ba, kuma ba tare da wani ya kashe kuɗi guda sau biyu ba. A tsarin Bitcoin ana ƙara shafi kusan duk minti 10, adadin da za a taɓa samarwa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma ladan masu haƙa, wato masu injunan da ke ƙara sabon shafi, yana raguwa da rabi duk bayan shafi 210,000, kimanin shekara huɗu ke nan. A Afrilun 2024 ladan ya sauko daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125 a kowane shafi. Wanda ya san wannan ba za a ruɗe shi da cewa danna allon waya haƙar Bitcoin ba ne, domin haƙar ta gaskiya injuna na musamman ke yin ta, kuma wutar lantarki suke ci ba kaɗan ba.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci a gare ka, shi ne maganar mabuɗi, kuma a nan ne kirifto ya sha bamban da momo ɗin da ka saba da shi. Idan wayar abokin cinikinka ta ɓace, zai ɗauki katinsa na Ghana Card ya je ofis a dawo masa da layinsa, kuɗinsa kuma yana nan. Walat, wato ma'ajiyar kirifto, wanda mutum yake riƙewa da kansa ba haka yake ba. Ranar da ka buɗe shi za a ba ka kalmomi 12 ko 24, kuma duk wanda ya san kalmomin nan shi ne mai kuɗin, ko da yana wata nahiya. Idan sun ɓace babu ofishin da za ka kai kuka, idan ka tura kuɗi adireshin da ba shi ba babu mai juyo da shi. Idan kuma ka bar kuɗin a kamfanin musaya, wato dandalin saye da sayar da kirifto, to mabuɗin a hannun kamfanin yake, abin da kake gani a waya alkawarinsu ne kawai. Kamfanin musaya Mt. Gox na Japan ya durƙushe a 2014 bayan an nemi Bitcoin kusan 850,000 an rasa. FTX, wanda ake lissafawa cikin manyan duniya, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Nuwamban 2022, kuma kotun Amurka ta yanke wa shugabansa Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25 a 2024. Kowace hanya da haɗarinta, sai dai ka san wanda ka zaɓa.

Na uku, ka daina ɗaukar kirifto a matsayin abu ɗaya. Ethereum da ya fara a 2015 ya ba kowa damar ƙirƙirar nasa koyin cikin ɗan lokaci, shi ya sa suke da yawa haka, kuma akasarinsu ba su da wani amfani in ban da a sayar wa na baya. USDT kuwa kamfanin Tether ne yake fitar da shi bisa alkawarin cewa kowane ɗaya dala ɗaya ce, kuma kamfanin yana da ikon daskarar da kuɗin da ke wani adireshi. Ba duk mai irin wannan alkawari ne yake cika shi ba, domin TerraUSD ma da dala aka ɗaure shi, amma a watan Mayun 2022 ya zube ƙasa warwas. Ka kuma sani cewa USDT yana tafiya a kan hanyoyi da dama, kamar Tron da Ethereum, kuma idan mai turawa ya zaɓi wata hanya mai karɓa yana jira a wata, kuɗin na iya salwanta.

Bayan karatu sai gwaji. Ka ware ɗan abin da ko ya ɓace ba zai hana ka barci ba, ka tura daga walat ɗinka zuwa wani walat ɗin naka, sannan ka nemi cinikin a shafin Tronscan ko Etherscan, inda ake duba kundin, ka ga lokacinsa da cajinsa da idonka.

Game da labarai, ni ga yadda nake jera su. Sanarwar Babban Bankin Ghana da ta hukumar SEC ta Ghana mai kula da kasuwar hannun jari da ta Hukumar Tsaron Intanet su ne a gaba, a shafukansu na ainihi, ba hoton takarda da aka turo a WhatsApp ba. Sai kafofin da ɗan jarida yake sa sunansa a kan rahoto, irin su Reuters da CoinDesk. CoinDesk ne ya fara fito da rahoton da ya tona asirin FTX. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI sukan kawo manyan labaran idan sun faru. Farashi ana duba shi a CoinGecko ko CoinMarketCap, amma ganin sunan koyin a can ba shaida ba ce ta ingancinsa. Zama ɗaya a mako ya ishe ka. Duk labarin da aka ce sai ka aikata a kansa cikin sa'a guda, ka tambayi kanka wa zai ci riba idan ka yarda.

Hajiya mai atamfa, Kejetia

Ɗana, Malam ya yi maka bayanin ilimi, ni kuma zan ƙara maka abin da muka gani a kasuwa. Yawancin 'yan kasuwar da suka shiga USDT a nan ba son kirifto ne ya kai su ba, faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, ce ta kore su. A 2022 dala ta fara shekara a wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Mai sayar da kaya yau, idan ya koma saro bayan wata guda sai ya tarar kuɗin bai kai ya cika rumfar ba. A lokacin kowa ya ɗauka wanda ya mayar da jarinsa dala ya gama dabara. Sai ga 2025, dala da take sama da sidi 15 a Afrilu ta sauko wajen 10 kafin ƙarshen Yuni, wanda ya ajiye jarinsa a USDT ya wayi gari kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi idan aka lissafa da sidi, alhali USDT ɗin bai motsa daga dala ɗaya ba. Saboda haka a wurina labarin da ya fi shafar mai riƙe da USDT a Kumasi shi ne labarin sidi: abin da kwamitin Babban Banki ya yanke a kan kuɗin ruwa a zamansa na duk wata biyu, alƙaluman hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga take fitarwa kowane wata, da farashin da 'yan canji suke bayarwa a Alabar.

Masu biyan kaya a China da USDT kuma su sani cewa gwamnatin can ta haramta cinikin kirifto tun Satumban 2021. Ke nan wanda yake karɓa a Guangzhou galibi dillali ne da zai juya shi ya biya mai kaya, kuma idan aka samu saɓani ba ka da takardar da za ka nuna wa kowa.

Amma abin da ya sa na tsaya rubutu shi ne kai kanka. Za a matsa maka ka shiga cinikin P2P, wato saye da sayarwa kai tsaye tsakanin mutum da mutum ta wani dandali, tunda kana da kuɗi a layi koyaushe. Ka yi hattara ƙwarai. Mutum zai sayi USDT a hannunka ya biya daga lambar wani dabam, kuma wataƙila kuɗin na wata baiwar Allah ne da aka damfara da safe. Idan ta kai ƙara, lambarka ce za a gani, layinka za a rufe, kai za a nema. Kada ka saki komai sai sunan mai biya ya yi daidai da sunan da ke dandalin, kuma sai ka duba ragowar kuɗinka da kanka, domin saƙon shigar kuɗi na bogi ka fi ni saninsa. Idan ya ce ku bar dandalin ku ƙarasa a WhatsApp, ka ƙi. Layinka na wakilci kuma kada ka haɗa shi da wannan harka ko kaɗan, abincin gidanku ne.

Tsohon ma'aikacin banki, Asawase

Salamu alaikum. Na yarda da akasarin abin da aka faɗa, sai dai maganar gwaji da ɗan kuɗi ina da ja a kanta, Malam ya yi mini haƙuri. Ga mai natsuwa shawara ce mai kyau, amma na ga samari da dama da ƙaramar riba ta farko ce ta ja su, daga sidi 100 sai 1,000, daga nan sai kuɗin da aka ba su ajiya. Idan za a yi gwajin, a yi shi don ganin yadda turawa take aiki, a kuma cire kuɗin a ranar.

Ɗana, tambayar da mutane suke yi maka ta ko manhaja ta gaskiya ce, amsarta ba ta bukatar ilimin kwamfuta, lissafi take bukata. Mu nan mun ga kamfanin zinariya na Menzgold, wanda yake biyan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari duk wata har hukumar SEC ta dakatar da shi a Satumban 2018, kuma mutane da yawa har yau suna bin kuɗinsu. Ka lissafa: sidi 1,000 da ke ƙaruwa da kashi 10 duk wata, idan ba a taɓa shi ba, ya haura 3,100 a shekara. Wace sana'a ce take ninka jari sau uku kowace shekara ba fashi, kuma mai ita yana neman kuɗin talaka ya raba ribar da shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Jiya da zinariya aka zo, yau da kirifto, amma ginin ɗaya ne, kuɗin sabon shiga ake biyan tsoho. OneCoin ya tara sama da dala biliyan 4 a duniya alhali ba shi da bulokcen na gaskiya, shugabarsa Ruja Ignatova ta ɓace tun 2017, kuma hukumar FBI ta sa ta cikin mutum goma da take nema ruwa a jallo. Dandalin CBEX kuma ya rufe da kuɗin jama'a a Najeriya a Afrilun 2025.

Alamomin ba sa sauyawa: riba ƙayyadadda da aka yi alkawarinta tun kafin a yi ciniki, lada ga wanda ya kawo wani, da neman ka biya wani kuɗi kafin a sakar maka naka. Ko ɗaya ka gani ya isa. Kuma ina roƙonka kada bakinka ya taɓa furta wa kowa cewa manhaja kaza ta gaskiya ce, domin ranar da ta rufe rumfarka za a zo. Ka nuna masa alamomin, ka ce ya bincika ko hukuma ta san da kamfanin. Wanda aka riga aka cuta ya kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet, da wuri.

Wakilin momo, Aboabo

Na gode Malam, na gode Hajiya, Baba Allah ya ƙara girma. Na fara karanta takardar, kuma maganar layin wakilci na riƙe ta. Saura abu biyu da ake yawan tambayata. Shin harkar ta halatta a addini, kuma shin dokar Ghana ta yarda da ita? Wasu suna cewa an haramta, wasu suna cewa gwamnati ma ta fito da nata.

Ɗalibin fiƙihu, Nima, Accra

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni ɗalibi ne, fatawa ta malamai ce, amma zan kawo maka inda maganar ta tsaya domin ka san abin da za ka tambaya. Malamai sun saɓa. Hukumar addini ta Turkiyya a 2017 ta ce mu'amala da shi ba ta dace ba a halin da yake ciki. Muftin Masar na lokacin, Shaihu Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin, yana kafa hujja da garari, wato rashin tabbas a ciniki, da yawan yaudara da rashin hukumar da ke tsaye a bayansa. Majalisar malaman Indunusiya a Nuwamban 2021 ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi. A ɗaya ɓangaren, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta Malesiya a 2020 ta halatta cinikinsa a dandalin da aka yi wa rajista, tana ɗaukarsa dukiya mai ƙima.

Abin lura shi ne saɓanin a kan saye da sayarwa hannu da hannu yake, inda ka biya ka mallaki abin. Akwai abubuwan da ko masu halattawa da yawa ba su yarda da su ba, kuma su ne samarinmu suka fi rungumar su. Cinikin fiyuca, inda mutum yake sa sidi 500 a ninka masa ƙarfinsa sau 20 ya yi hasashen tashi ko faɗuwa, bai mallaki komai ba, kuma motsin kashi 5 cikin ɗari ya isa ya share kuɗin gaba ɗaya. Wannan ya fi kusa da caca. Ba da koyin rance don a dawo da ƙari tabbatacce kuwa ribar da shari'a ta haramta ce, wato kuɗin ruwa, ko da wane suna aka kira ta. Don haka idan za ka je wurin malami, kada ka ce masa kawai mene ne hukuncin kirifto. Ka bayyana masa ainihin cinikin, me aka saya, wa ya riƙe, yaushe aka karɓa, daga ina ƙarin yake fitowa, domin hukunci yana bin surar mas'ala ne.

Wanda ya bi masu halattawa kuma ya sani cewa zakka ta hau kansa idan dukiyar ta kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinariya, ta kuma shekara, sai ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari bisa farashin ranar. Akwai kuma maganar gado, wadda ban cika jin ana tayar da ita ba, kuma tana damuna. Mutum ya rasu da dukiya a walat, matarsa da 'ya'yansa ba su san kalmomin ba, haƙƙin magada ya tafi har abada, wataƙila har da bashin da ake binsa. Ina roƙon Malam na Tafo ya faɗa mana yadda ake magance wannan.

Malamin kwamfuta, Tafo Zango

Baba, na karɓi gyaran, a cire kuɗin a ranar ya fi. Game da doka, ƙanena, kowane ɓangare ya riƙo wani yanki ne na labarin. A Janairun 2018 Babban Banki ya sanar cewa bai ba kowa lasisin wannan harka ba, ya gargaɗi jama'a. A Agustan 2024 ya fitar da daftarin ƙa'idoji, a 2025 ya umarci kamfanonin da ke harkar su yi rajista, tare da bayyana cewa rajistar ba lasisi ba ce, sannan a Disamban 2025 majalisar dokoki ta amince da dokar da za ta tsara ayyukansu. Sidi dai shi ne kuɗin ƙasa, ba a tilasta wa kowa karɓar wani abu dabam. Abin da suke kira na gwamnati shi ne eCedi, wanda Babban Banki ya gwada a wurare irin su Sefwi Asafo, kuma shi sidi ne na lantarki, ba jarin da zai tashi ba ne. Tunda mai saya da sayarwa ga jama'a a matsayin sana'a yana iya shiga ƙarƙashin dokar, ka karanta sanarwar bankin kafin ka karɓi ko fesuwa ɗaya da sunan wannan ciniki.

Maganar gado kuma, ɗan'uwa na Nima, hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kalmomin da hannu a takarda, kada a ɗauke su hoto, kada a ajiye su a waya ko a imel, a sa takardar inda wuta da ruwa ba za su kai gare ta ba. A cikin wasiyya sai a rubuta cewa akwai dukiya iri kaza da wurin da takardar take, ba kalmomin kansu ba, domin wasiyya tana bi ta hannu da yawa. Mai dukiya mai yawa yana iya buɗe walat mai mabuɗi uku wanda ba ya sakin kuɗi sai biyu sun haɗu, ya riƙe ɗaya, ya ba amintattu biyu da ba gida ɗaya suke ba sauran. Idan kuma kuɗin a kamfanin musaya yake, magada su san sunan kamfanin da imel ɗin da aka buɗe asusun da shi, domin manyan kamfanonin sukan nemi takardar shaidar rasuwa da ta kotu kafin su saki abin da ke ciki.